Lezar Sin mai nanomita 193: labarin ya fi ƙarfin na'urar

A watan Maris na 2025, masu bincike na Cibiyar Kimiyya ta ƙasar Sin suka bayyana cewa sun ƙera leza mai fitar da hasken ultraviyole na nanomita 193 ba tare da iskar gas ba. Nan da nan wasu kafofi suka yi ta cewa kwanan kamfanin ASML na ƙasar Holan ya ƙare. A ganina an yi gaggawa.

Dalilin zumuɗin a fili yake. Da irin wannan haske ne injunan ASML ke zana layukan lantarki a jikin ƴan ƙwaƙwalwar da ke cikin waya, mota da kwamfuta, kuma tun 2023 Holan ta ƙuntata sayar wa Sin manyan injunan, bisa matsin lambar Amurka. Lezar da ke cikinsu tana aiki da gas na argon da fulorin, mai guba, ga tsada. Ta Sin kuwa tana farawa da haske na nanomita 1030, sai a bi da shi ta cikin kiristal iri-iri har ya gajarce zuwa 193.

Inda gizo ke saƙa shi ne ƙarfi. Na'urar ta ba da miliwat 70 kacal, alhali lezar masana'anta tana ba da wat 60 zuwa sama da 100. Tazarar ta kai kusan ninki dubu, kuma kiristal yakan lalace idan haske mai ƙarfi ya daɗe yana ratsa shi.

Amfanin gaskiya yana ɗakin gwaji, kuma can Sin ta daɗe a gaba. Ƙungiyar marigayi Chen Chuangtian ce ta samar da kiristal ɗin KBBF, wanda ke ba da haske na nanomita 177.3. Da shi ake fizgo elektron daga jikin wani abu a auna ƙarfinsu da alkiblarsu, hanyar da masana ke bi don gane kayan da ke ɗaukar lantarki ba tare da asara ba. A da, yawancin irin wannan aiki sai an je katafariyar cibiya an jira layi. Yanzu na'urar tana shiga ɗaki guda. A 2013 Sin ta gabatar da na'urorin bincike takwas da aka gina kan wannan leza.

Abin da ake mantawa: wajajen 2009 Sin ce ta daina ba ƙasashen waje KBBF, sai a 2016 wani kamfanin Amurka ya sanar da cewa ya iya haɗa nasa. Ke nan kowane ɓangare ya taɓa rufe ƙofa.

Idan sabuwar lezar za ta shiga masana'anta, na fi zaton za ta fara da aikin duba aibu a jikin farantan silikon, inda tsabtar haske ta fi ƙarfinsa muhimmanci.