Idan an ce a maida majinyaci gida, wa zai bi shi da magani?

Akwai maganar da ake yawan ji a asibitocin ƙasar Hausa, kuma mutanen Madarumfa da Ɗan Isa da ƙauyukan bakin iyaka sun san ta sarai. Likita zai ja babban ɗa ko mijin majinyaciya gefe, ya sassauta murya, ya ce a maida ta gida, a ci gaba da addu'a. Kowa ya gane nufinsa. Ko dai sankarar mama ce ta riga ta ci jiki, ko hanta ta lalace, ko ƙoda ta daina aiki. Sai a nemi mota ko amalanke a koma ƙauye, a shimfiɗa tabarma a ɗaka. Daga ranar asibiti ya zare hannunsa, alhali raɗaɗin yana nan, kullum ma ƙaruwa yake yi. Abin da sharhinmu na yau ya tsaya a kai shi ne, fid da rai da warkewa bai sauke wa ma'aikatan lafiya nauyi ba. Akwai sauran aiki, kuma aikin nan haƙƙin majinyaci ne.

Wannan aiki shi ne jinyar sassauta wahala, wato kula da mai ciwo mai tsanani don a rage masa zogi, da amai, da sarƙewar numfashi, da rashin barci, da fargaba, a kuma tallafa wa masu jinyarsa. Wata likitar Ingila mai suna Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin jinya kafin ta karanta likitanci, ita ta kafa gidan jinya na St Christopher a Landan a 1967. Ta koyar da cewa wahalar majinyaci ba a jiki kaɗai take ba, tana haɗe da tunanin 'ya'yan da zai bari, da bashin da aka ci saboda shi, da shirin gamuwa da Ubangijinsa. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙudurin da ya nemi ƙasashe su shigar da wannan jinya cikin tsarin kiwon lafiyarsu tun daga matakin farko. Hukumar ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ke buƙatarta kowace shekara, amma kusan kashi 14 cikin 100 ne kawai ke samu.

Wani zai ce ai wannan sallamawa ce, kamar an haƙa wa mutum kabari da ransa. Binciken likitoci bai goyi bayan wannan tsoro ba. A 2010 wasu likitoci a birnin Boston na Amurka suka buga sakamakon gwajin da suka yi da masu sankarar huhu 151 waɗanda ciwon ya riga ya bazu a jikinsu. An raba su gida biyu, kowa na karɓar maganin sankara, amma ɓangare guda an haɗa masa da jinyar sassauci tun farko. Waɗannan sun fi samun kwanciyar hankali, baƙin ciki ya fi ƙaranci a cikinsu, kuma tsaka-tsakin kwanakinsu ya kai kusan wata 12, na sauran kuwa kusan wata 9. Mai yiwuwa dalilin shi ne: wanda ya samu barci zai iya cin abinci, wanda ya ci zai iya jure magani. Saboda haka ba sai ajali ya ƙarato ake fara wannan jinya ba, mai amosanin jini da ciwo ke tasar masa a kai a kai shi ma yana cikin masu buƙata.

Akwai kuma masu ganin cewa ciwo kankarar zunubi ne, don haka haƙuri ya fi. Babu mai musun ladan haƙuri. Amma addinin da ya yi umarni da haƙuri shi ne ya yi umarni da neman magani, ya kuma sanya dubiya cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa. Mutumin da zogi ya hana shi natsuwar salla, ya hana shi yin wasiyya da neman gafarar dangi, an tauye masa abin da ya fi buƙata a kwanakin nan.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne batun morfin, maganin da ya fi kowane kashe zogin sankara, wanda yake cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 1977. Duk wanda ya ga abin da tramol ya yi wa samarin Maraɗi, 'yan kabu-kabu da masu aikin ƙarfi, dole gabansa ya faɗi idan aka ce a kawo wani magani mai ƙarfi cikin ƙauyuka. Tsoron yana da tushe, kuma ba za a raina shi ba. Sai dai a duba ta ina tramol ya shigo. Ta fasa-ƙwauri ya shigo, ya zauna a teburin mai talla, babu takardar likita, babu lissafi. Abin da ake nema a nan kuwa magani ne da ke cikin akwati mai makulli, da rajista, da sunan majinyaci, da ma'aikacin da zai amsa tambaya a kan kowane cokali. Yuganda ta nuna cewa hakan mai yiwuwa ne a ƙasa matalauciya. A 1993 likita Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Najeriya, ta kafa Hospice Africa Uganda, aka riƙa dama garin morfin da ruwa ana bai wa majinyata su sha a gida, bayan kowace awa 4. A 2004 ƙasar ta gyara dokarta, ta yarda ma'aikatan jinya da aka horar su rubuta maganin, tunda likitoci ba su isa ƙauye ba, gwamnati kuma na ba da shi kyauta. Idan aka bi ƙa'idar awo, morfin ba ya gaggauta mutuwa. Babbar matsalarsa taurin bayan gida ce, ita ma da maganinta. Duk da haka wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya bayyana a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na irin wannan magani da ake rabawa. Ke nan tsauraran dokoki ba su hana mashayi samun tramol ba, majinyaciyar da ke kwance kawai suka hana sauƙi.

Sai batun kuɗi. Gundumar Madarumfa, wadda kowace damina ɗakin yara na asibitinta ke cika da masu zazzaɓin cizon sauro da tamowa, har ƙungiyar likitocin MSF ta daɗe tana kama mata aiki, ina ta ga halin kula da waɗanda ba za su tashi ba? Tambaya ce ta gaskiya, kuma babu mai cewa a ɗauke gado daga yaro. Amma wannan jinya ba gini take so ba, ba na'ura ba. Horo take so, da magani mai araha, da man babur. Sannan a lissafa asarar da ake yi in babu ita. Cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa, wadda ta fara gashin sankara da na'ura a 2021, tana Yamai, fiye da kilomita 600 daga Madarumfa. Iyalin da ba a gaya wa gaskiyar ciwo ba za su sayar da awaki, su jinginar da gona, su tsallaka Jibiya da Katsina, su zagaya wurin masu maganin gargajiya, su dawo babu lafiya babu dukiya. Bayani na gaskiya cikin tausasawa, daidai gwargwadon abin da majinyaci ke son ji, yana kare gida daga wannan karaya.

Gaskiya ne Bahaushe ba ya yasar da mara lafiyarsa. Mata ne ke kwana a zaune, su wanke, su juya, su ɗura kunu, maƙwabta na shigowa da sannu da jiki. Abin da suka rasa sani ne da kayan aiki. Ba kowa ya san a riƙa juya wanda ya daɗe kwance bayan kowace awa 2 don kada bayansa ya yi gyambo ba. Ba kowa ya san cewa ma'aikatan jinya kan niƙa ƙwayar metronidazol su barbaɗa a miki ta kashe warin da ke korar 'yan dubiya ba, warin da kan sa mace ta ɓuya a ɗaka don kunya. Malamin asibiti ɗaya zai iya koyar da wannan a zama guda.

Don haka muna kira ga Ma'aikatar Kiwon Lafiya da hukumomin lafiya na jihar Maraɗi da su horar da aƙalla ma'aikaci ɗaya a kowace cibiyar lafiya ta gundumar Madarumfa, su tanadi morfin na sha bisa rajista a asibitin gunduma, su sa 'yan sa-kai na ƙauyuka su riƙa kai rahoton majinyatan da ke kwance a gida. Limamai da sarakuna su taimaka da faɗakarwa. Kai kuma mai saurare, ranar da aka ce ka maida naka gida, kada ka tashi sai ka tambayi likita wane magani za a ba shi idan zogi ya taso da dare, kuma wa za ka kira.