Kafin Ya Kai Ki Landan

Samarin yanzu akwai daɗin baki, wai bayan biki zai kai ki Landan ki ga fadar Sarkin Ingila. To madalla. Ni dai shawarata, ki ce ya fara kai ki Daura, kuɗin mota ne kawai. Ku leƙa rijiyar Kusugu, tana nan an killace ta cikin gini. Nan aka ce Bayajidda ya sare kan macijiyar da ta hana mutane ɗiban ruwa sai ran Juma'a. Sarauniya Daurama ta yi masa tayin rabin gari, gogan naka ya ce a'a, ita yake so. Rabin gari fa! In kun dace da Sallar Gani, ku tsaya ƙofar fada ku sha kallon hawa. In ko ya soma kame-kame wai Daura da nisa, tambaye shi ko fasfo ma ya taɓa yi.