Sabunta Tsohuwar Kwamfuta da Makomar Haruffa Masu Ƙugiya

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, kamar yadda ya yi wa Windows 7 a Janairun 2020 da Windows XP a Afrilun 2014. Wannan ya sa masu tsofaffin kwamfutoci suka shiga neman sabunta babbar manhajar da ke tafiyar da na'urorinsu. Ga mai nazarin Hausa a Sabha, babban birnin yankin Fezzan a kudancin Libiya, inda jami'ar garin ta daɗe tana koyar da Hausa, lamarin yana da wata fuska da masu gyaran kwamfuta ba su cika lura da ita ba. Mai gyara yakan ƙirga fayiloli, in sun cika ya ce aiki ya yi kyau. Amma fayil yana iya tsira, rubutun da ke cikinsa kuma ya lalace.

Asalin matsalar tarihi ne. Kafin tsarin Unicode ya yaɗu, babu hanya mai sauƙi ta buga ɓ da ɗ da ƙ a kwamfuta. Sai masana suka ƙirƙiro zubin haruffa na musamman, irin su Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar a shekarun 1990. Dabarar ita ce a ari mazaunin wata alama a kibod a ɗora mata surar harafin Hausa. A wasu zubin an ari q da x da v, a wasu kuma an ari alamomin baka. Wannan hikima ta yi wa Hausa hidima mai girma, domin da ita aka buga kundayen digiri da littattafai masu yawa. Sai dai abin da kwamfuta ta adana a zahiri shi ne alamar da aka ara, ƙugiyar kuwa riga ce da zubin ya sanya mata. Idan aka goge faifai aka ɗora sabuwar manhaja, zubin ya tafi, sai ƙasa ta koma qasa ko }asa, ɗaya ta koma xaya ko ]aya. Wanda ya yi gaggawar gyarawa ta hanyar cire ƙugiya ya ƙara ɓarna, domin baki da baƙi ba ɗaya ba ne, haka fada da faɗa, haka kafa da ƙafa.

Saboda haka ya wajaba aiki ya fara tun kafin a taɓa manhajar. Da farko a kwafe dukkan fayiloli a wurare biyu daban, misali filashi da faifan waje, a kuma buɗe wasu daga cikinsu a wata kwamfutar don tabbatar da cewa kwafin ya yi. Na biyu, a shiga jakar Fonts da ke cikin jakar Windows a kwafe zubin haruffan Hausa, da na Larabci ko ajami idan akwai. Na uku, a mayar da kowane muhimmin kundi zuwa PDF tun tsohuwar na'ura tana nuna shi daidai, domin ya zama madubin da za a riƙa dubawa daga baya.

Wajen sabuntawar ma akwai tarko. Windows 11 tana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 4, da sararin ajiya na gigabait 64, kuma nau'in 64-bit kawai take da shi. Duk kwamfutar da ke kan 32-bit sai an ɗora mata manhajar daga tushe. Haka nan, idan Windows ɗin da ke kan na'ura ta Larabci ce, abin da ba baƙo ba ne a Libiya, aka kawo ta Turanci za a ɗora, zaɓin riƙe tsofaffin manhajoji ba ya samuwa. Jakar Windows.old, wadda ke ba da damar komawa baya, kwana 10 take yi kafin a share ta. Ga kuma ɗaukewar wutar lantarki da kudancin Libiya ke fama da ita lokacin zafi. Bai kamata a soma aikin ba sai batiri ya cika ko akwai janareta.

Akwai masu cewa a bar tsohuwar na'ura yadda take, tunda da tsohuwar zuma ake magani. Suna da hujja idan kwamfutar ba ta hawa intanet. Amma harin WannaCry na Mayun 2017 ya nuna abin da ke samun na'urorin da ba a toshe wa kafofin tsaro ba: ya kulle fayilolin mutane a ƙasashe da dama. Kuma ƙura da zafin hamada ba sa barin faifai ya dawwama. Na'urar da ta gaza ɗaukar Windows 11 tana iya ɗaukar Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda kyauta ne kuma suna karanta haruffan Hausa.

Maganin dindindin shi ne a mayar da tsofaffin rubuce-rubuce zuwa Unicode, inda ɓ da ɗ da ƙ, har da ƴ ta rubutun Nijar, kowanne ke da lambarsa. Ana yin haka da umarnin nema da musanyawa, amma da hattara: wanda ya musanya kowace x da ɗ a kundi guda zai ɓata sunayen Turawa da ke cikin manazarta. A bi babi babi, ana gwadawa da PDF ɗin da aka ajiye. Wannan aiki ne na malamai da ɗaliban harshe, domin mai gyaran kwamfuta a kasuwar Sabha ba lallai ya san cewa ƙugiya tana sauya ma'ana ba. Sashen da ke koyar da Hausa, a Sabha ko Kano ko Zariya, ya dace ya ɗauki wannan juyi a matsayin ɓangaren adana kundayensa, tun tsofaffin na'urorin suna iya kunnuwa.