Ɗanmaraya Jos da Makaɗan da ke Cikinmu

Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos ya rasu ran 20 ga Yuni, 2015, Allah Ya jiƙansa. An haife shi a Bukuru a 1946. Iyayensa suka rasu yana ƙarami, Sarkin Hausawan Bukuru ya riƙe shi, sunan maraici ya bi shi har kabari. Kayan sana'arsa kuntigi ne, wato gwangwanin kifi rufe da fata, mai tsirkiya ɗaya tak. Da shi ya yi wa karen mota waƙa, ya tsawatar kan auren dole da gulma, har Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa.

A ƙauyukanmu na Jazira da Mai Wurno kuwa, mai garaya ko goge maroƙi ne kawai, ba a zaunar da shi a kan tabarmar manya. Gaskiya ne akwai kiɗan shashanci, kuma malamai sun yi daidai da suka hana shi. Amma wanda ya yi nasiha da tsirkiya bai cancanci a haɗa shi da masu shashanci ba.

Kakanninmu sun iso nan bayan yaƙin Burmi na 1903 da Hausa a bakinsu. Yau Larabci ya rinjayi bakin jikokinmu, yaƙin da ya ɓarke a 2023 kuma ya warwatsa gidaje. Tsofaffin kalmomi da kirarin zuri'a suna wajen makaɗan nan. Duk mai waya ya nemi wanda ya rage a garinsu, ya naɗi waƙarsa, ya tambaye shi wa ya koya masa.