Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Ƙorafi a Kan Masu Zamanantar da Shago Dare Ɗaya

A kakar bara wani kawuna mai sayar da taki da maganin feshi a Ikara ya kira ni da daddare, yana tambaya ko na san wanda zai iya fito masa da bashinsa daga cikin kwamfuta. Da na nemi bayani sai ya warware mini. Ɗansa da ya gama bautar ƙasa ya kawo wasu matasa daga Kaduna, suka girka kwamfuta da manhajar lissafin kaya, suka ɗauki hoto, suka karɓi kuɗinsu cif, suka koma. An yi wannan ne a makon farko na watan Yuni, lokacin da ruwa ya zauna, manoman masara suna layi a ƙofar shago tun bayan sallar asuba. Littafin bashin da kawu ya daɗe yana riƙo aka kai shi gida aka jefa a akwati, wai zamaninsa ya wuce. A rana ta uku wuta ta ɗauke, batir ya mutu kafin azahar, yaran shago suka koma rubutu a bayan kwali. Da aka tashi karɓar bashi bayan girbi, sai aka tarar da Malam Sani har uku a kwamfuta, ba a san wanda ya ɗauki buhu goma da wanda ya ɗauki biyu ba. Kawu ya yafe duk abin da ba zai iya rantsuwa a kansa ba.

Na duba manhajar daga baya, ban same ta da aibi ba. Laifin yana wuyanmu, mu 'yan boko masu komawa gida da ɗokin gyara kasuwancin iyayenmu, da kuma masu sayar da na'urori da suka gane wannan ɗoki suke cin kasuwarsu a kansa. Mun mayar da zamanantar da shago tamkar sayayya: a biya, a girka, a yanke ƙyalle. Abin da nake karewa a nan shi ne, jadawalin aikin ya fi na'urar muhimmanci, kuma kalandar kasuwancin ce take da hakkin tsara shi. Duk wanda ya sa wa mai shago ranar sauya tsari bai tambaye shi watan da ciniki ya fi yawa ba, ya cuce shi, ko da kayan da ya kawo sun fi na kowa kyau.

Ƙasar nan gaba ɗaya ta ɗanɗana irin wannan ganganci. Ranar 26 ga Oktoba 2022 gwamnan Babban Bankin Nijeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sababbin kuɗin sun fara yawo ranar 15 ga Disamba, aka ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairu 2023, ƙasa da mako bakwai ke nan a tsakani. Daga baya aka ƙara kwana 10. Manufar rage dogaro da tsabar kuɗi tana da hujjarta. Sai dai wa'adin ya faɗo a tsakiyar lokacin rake da tumatirin rani, lokacin da kasuwar Makarfi take cika da motocin da ke ɗaukar rake zuwa sassan ƙasar nan, alhali mai yankan rake da mai lodin kwando ba su san wani biya ba sai na hannu da hannu. Hanyoyin tura kuɗi na bankuna suka kasa ɗaukar nauyin da aka jibga musu lokaci guda. Mutane suka riƙa sayen naira da naira a wurin masu POS. Sai da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka shigar da ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin kuɗin su ci gaba da aiki har ƙarshen shekarar. Kotu ce ta tilasta abin da ya kamata a ce yana cikin tsarin tun farko, wato a bar tsoho da sabo su yi tafiya tare na wani lokaci.

Kada a ɗauka cuta ce ta ƙasashe matalauta. A 1999 kamfanin alewa na Hershey a Amurka ya kunna sabon tsarin kwamfutocinsa na karɓar oda da rarraba kaya a watan Yuli, daidai lokacin da 'yan kasuwa suke aiko da odar bikin Halowin, wanda shi ne kakar masu alewa a can. Tsarin ya sarƙe. Alewa tana jibge a rumbunan ajiya, amma kamfanin ya kasa kai kayan da suka kai kimanin dala miliyan 100. Idan masu tarin injiniyoyi suna tuntuɓe a kan zaɓen lokaci, mai shagon da ke da yara biyu da inbata ɗaya ya fi kowa buƙatar taka-tsantsan.

Saboda haka tambayar farko ita ce: wane wata ne cinikinka yake kwanciya? Amsar ta bambanta daga sana'a zuwa sana'a, ko da shagunan suna layi ɗaya. Mai taki a Ikara ko Paki ba shi da lokacin numfashi daga Mayu zuwa Yuli, kaka kuma lokacin karɓar bashi ce. Dillalin rake ko mazarƙwaila a Makarfi yana samun sarari ne da damina. Mai kemis a garin kuwa daminar ce take cika masa shago da masu zazzaɓin cizon sauro. Mai kayan masarufi a Hunƙuyi ko Kudan dole ya nisanci azumi da jajiberin salla, ya kuma tuna cewa watan Ramadan yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara a kalandar Bature, don haka jadawalin bara ba zai yi aiki bana ba. A cikin mako ma akwai doka: ranar kasuwa ba ranar kunna sabon tsari ba ce.

Da zarar an san lokacin cunkoso, sai a ƙirga baya. Tsarin da ake so ya ɗauki nauyin watan Yuni ya kamata ya zama ya shafe aƙalla wata biyu yana aiki kafin nan, wato aikin na Janairu ne. Kuma matakan suna da jerin da ba a tsallake shi. Wuta ce farko: a lissafa abin da kwamfuta da firinta za su ci daga buɗe shago zuwa rufewa, a tanadi sola da batirin da zai ɗauka, kafin a sayi komai. Sai sabis. A gwada shi a cikin shagon ranar kasuwa, lokacin da wayoyi suka yi wa turaku yawa, domin sabis ɗin ranar da gari ya watse yaudara ne. Manhajar da ba ta iya rubuta ciniki sai da intanet ba ta dace da karkararmu ba. A ƙarshen 2021 gwamnati ta katse layukan waya a wasu sassan jihar Kaduna na kusan wata biyu saboda tsaro, a watan Maris na 2024 kuma lalacewar wayoyin ƙarƙashin teku ta gurgunta intanet a Afirka ta Yamma.

Mataki na uku shi ne wanda masu girkawa suka fi gudu, domin babu abin ɗaukar hoto a cikinsa: tsabtace bayanai. Littafin kawu ya san Malam Sani na Saulawa da Malam Sani mai baƙin babur, domin kawu ne yake karanta shi. Kwamfuta ba ta san kowa ba. Sai an zauna an haɗa kowane suna da ƙauyensa da lambar wayarsa, an daidaita awo tsakanin buhu da tiya da kwalba, an rufe shago yini guda an ƙirga kaya. Bayan haka sai horo, kuma yaron da zai tsaya a kan kanta shi ake horarwa, ba ɗan maigida da zai koma Abuja bayan salla ba. Sannan a tafi da littafi da kwamfuta tare har ranakun kasuwa shida ko takwas, ana kwatanta jimillarsu kowane dare. Ranar da suka daina saɓani, ita ce ranar da za a fara maganar ajiye littafi.

Kuɗin ma jadawali yake so. Kawu ya biya duka a ranar girkawa, shi ya sa kiran wayarsa ya daina shiga. A raba biyan gida uku ko huɗu, kashin ƙarshe ya jira har tsarin ya tsallake lokacin cunkoso. A tambayi kuɗin shekara-shekara, a kuma tambaya ko da dala ake lissafa shi. Wanda ya ƙulla irin wannan yarjejeniya a farkon 2023, lokacin da dala take kusan naira 460 a farashin gwamnati, ya wayi gari a Fabrairun 2024 tana kusan 1,500. A Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin har kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Sannan lambar sirri da layin da aka buɗe asusun da shi su zama na mai shago, a kuma rubuta yadda zai kwashe bayanansa idan ya rabu da kamfanin.

Na san abin da za a ce. Za a ce wannan sannu-sannun ce ta bar mu a baya, kuma a rikicin 2023 waɗanda suka riga suka mallaki POS da asusun banki su ne suka ci gaba da ciniki. Gaskiya ne, kuma hujja ce a gare ni: sun tsira ne saboda sun koyi abin tun ana zaman lafiya. Za a kuma ce riƙe littafi da kwamfuta tare aiki biyu ne. Na yarda. Awa guda ce a kowane dare na mako shida ko takwas, a kwatanta ta da bashin damina guda da ya narke. Mai shago ba shi da sashen da zai shanye asara. Jarinsa ke nan, da amanar manoman da suka yarda da rubutunsa.

Littafin kawu ya dawo kan tebur, kwamfutar tana gefe an lulluɓe ta da zane saboda ƙura. Ya ce zai sake gwadawa, amma shi zai zaɓi watan. Ga wanda yake shirin kai irin wannan alheri gida, ina roƙon ya zauna da maigida tukuna, da kalanda a gabansu, kafin ya kira mai girkawa. Idan mai girkawar ya zo, a tambaye shi ranar da zai dawo da abin da za a yi idan tsarin ya tsaya ranar kasuwa. In ya ce ba zai tsaya ba, a ba shi kuɗin mota.