Tarar Waya a Kan Sitiyari: Haƙƙin Direban da Bai Amsa Laifi Ba

Idan jami'in Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ya tsayar da direba ya ce ya gan shi da waya a hannu yana tuƙi, yawanci abu biyu ne ke biyo baya. Ko dai direban ya karɓi takarda ya je ya biya yana gunaguni, ko kuma a koma gefen titi a yi ƙasa da murya a sasanta. Akwai hanya ta uku da doka ta tanada, amma 'yan ƙalilan ne ke bin ta: mutum ya ce bai aikata ba, ya nemi a kai maganar gaban alƙali. Wannan hanya ce ta fi dacewa da direban da ya tabbata bai yi laifi ba, kuma ita kanta dokar tana amfana idan ana bin ta.

Dokar hana waya a lokacin tuƙi tana da hujja mai ƙarfi, kuma babu mai hankalin da zai nemi a soke ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce direban da ke amfani da waya ya fi wanda ba ya yi yiwuwar shiga haɗari da kusan ninki huɗu, kuma sanya abin saurare a kunne bai rage matsalar da wani abin kirki ba, domin hankali ne ke barin hanya. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Wanda ya sunkuya daƙiƙa biyu don ya karanta saƙon WhatsApp a hanyar Kano zuwa Zariya ya ci fiye da mita 55 bai ga gabansa ba. A wannan tazara yaro zai iya tsallakowa, tirela za ta iya taka birki.

Saboda haka dokar da ke tafiyar da FRSC, ta shekarar 2007, ta sanya amfani da waya yayin tuƙi cikin jerin laifuffuka, jadawalinta kuma ya yanka masa tarar naira 4,000. A watan Yuli na 2017, zamanin shugabancin Boboye Oyeyemi, hukumar ta ƙara da tura masu wasu manyan laifuffukan hanya, har da na waya, zuwa asibiti a duba lafiyar tunaninsu. Ke nan abin da direba zai iya rasawa ya wuce kuɗi. Akwai yinin aiki, akwai takardun mota ko lasisi da za a riƙe, akwai kuma mutunci.

Abin da direbobi da yawa ba su sani ba shi ne, takardar da jami'i ya rubuta zargi ce, ba ta kai hukunci ba. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya damƙa ikon yanke hukunci ga kotuna a sashe na 6, sannan sashe na 36 ya ce duk wanda ake tuhuma da laifi ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar. Wanda ya biya tara ya zaɓi ya yafe haƙƙinsa na zuwa kotu don ya huta, kuma zaɓi ne mai kyau ga wanda ya san ya aikata. Wanda ya musa kuwa, yana da damar a gurfanar da shi gaban majistare, ko a kotun tafi-da-gidanka da hukumar kan shirya a bakin hanya. A can nauyin kawo hujja yana wuyan mai ƙara. Sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya buƙaci a tabbatar da laifi yadda babu sauran shakka mai ma'ana.

A nan ne tambayoyin da ba a yi a bakin titi suke samun wuri. Daga ina jami'in ya hango direban, kuma daga wace tazara? Motar tana tafiya ne ko an faka ta a gefe? Waya ce a hannunsa ko wani abu? Lokacin da aka rubuta a takarda ya dace da jerin kiran da ke cikin wayar? Sashe na 84 na dokar shaidar ya buɗe ƙofa ga bayanan da aka ciro daga na'ura idan an cika sharuɗɗansa, don haka jerin kira ko hoton kyamarar mota na iya shiga gaban alƙali. Sai dai jerin kira yana nuna ba a yi kira ba ne kawai, ba ya wanke wanda ke kallon bidiyo ko rubuta saƙo. Kotu na iya gaskata jami'i idan shaidarsa ta tsaya daram, kuma daidai ne ta yi hakan.

Masu ganin jayayya da irin wannan tara taurin kai ne kawai, ya kamata su dubi abin da ya faru a Ingila. A can an haramta riƙe waya yayin tuƙi tun Disamba 2003, lokacin da galibi kira da gajeren saƙo ake yi da waya. A 2017 aka kama wani direba a yammacin Landan yana ɗaukar bidiyon wani haɗari da wayarsa yana wucewa a mota. Kotun majistare ta same shi da laifi, ya ɗaukaka ƙara. Hujjarsa ita ce dokar ta yi magana ne a kan sadarwa da wani ta waya, shi kuwa hoto ya ɗauka, bai kira kowa ba. A Yuli 2019 Babbar Kotu ta yarda da wannan fassara, tare da gargaɗin cewa mai yin haka ana iya tuhumarsa da tuƙin ganganci ƙarƙashin wata doka. Gwamnati ta koma ta gyara rubutun, kuma daga Maris 2022 kusan duk wani amfani da waya a hannu, ko ɗaukar hoto ne ko neman waƙa, ya zama laifi mai tarar fam 200 da maki 6 a lasisi. Ƙarar mutum ɗaya ce ta fallasa ɓarakar da ta shekara goma sha shida a cikin doka, gyaran da ya biyo baya kuma ya sa dokar ta fi da tsauri.

Sasantawar bakin titi ba ta haifar da irin wannan gyara. Kuɗin goron da ya shiga aljihu ba ya barin wani rubutu da alƙali zai duba, jami'in da ya yi kuskure ba ya gane ya yi, direban da ya yi laifi kuma yana koyon cewa hukuncinsa yana da farashi mai rahusa. Tarar FRSC ta halal a asusun gwamnati ake biyan ta, ta banki ko ta intanet, a karɓi rasit. Duk abin da aka miƙa hannu da hannu ya fita daga doka, kuma mai bayarwa da mai karɓa duk suna cikin laifi. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Akwai ƙorafi mai nauyi a kan wannan ra'ayi. Direban haya da ke neman na cefane zai ce yini ɗaya a harabar kotu ya fi naira 4,000 tsada, balle a ɗage zama, balle kuɗin lauya. Gaskiya ne, kuma wannan ne babban aibin tsarin: ya sa amsa laifin da ba a aikata ba ya fi kare kai sauƙi. Maganinsa yana hannun hukumomi. Ya kamata jami'in da ke tuhumar laifin waya ya kasance da kyamara a jikinsa ko a motar sintiri, domin hoto yana kare jami'i mai gaskiya kamar yadda yake kare direba. Ya kamata a yi wa direba bayani cikin harshen da yake ji cewa yana da zaɓi, a gaya masa kotun da ranar. Haka nan hukumomin jihohi irin su KAROTA a Kano da KASTLEA a Kaduna, waɗanda suka fi cuɗanya da masu adaidaita sahu da 'yan tasi, su ne suka fi buƙatar hanyar ƙorafi mai sauri wadda ba ta cin yini.

Kafin a kai can, abin da ya rage wa direba a fili yake. Wanda ya san wayar tana hannunsa mota na tafiya, ya biya tararsa a inda doka ta ce, ya gode wa Allah da bai taka kowa ba. Wanda ya san bai taɓa ta ba, kada ya yi cacar baki da jami'i, kada kuma ya miƙa komai. Ya karɓi takardarsa, ya duba lokaci da wurin da aka rubuta, ya adana jerin kiran wayarsa, ya riƙe sunan fasinjan da ya ga abin da ya faru, sannan ya ce cikin ladabi yana son alƙali ya saurare shi.