Allurar da ke huda allon lantarki, da abin da ta shafe mu a Jugu

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai gyaran waya a Jugu ko a kasuwar Arzeke ta Paraku ya ga koren allon nan da ke cikin rediyo, talbijin ko salula, wanda masu gyara ke ce wa "kart mer". Allon cike yake da ramuka da ke haɗa layukan tagulla na sama da na ƙasa. Mafi ƙanƙanta hasken leza ke huda su, amma waɗanda ke ratsa allon gaba ɗaya sai da allura, wata ma kaurinta bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, tana juyawa fiye da sau dubu 100 a minti guda.

Matsalar ita ce allon ba katako ba ne. Zaren gilashi ne da ƙaro da tagulla, kuma gilashi yana cin baki. Yanzu da manyan kwamfutocin ƙirƙirarriyar basira ke buƙatar alluna masu kauri da tauri, allurai na dakushewa da wuri, ga shi ƙarfen da ake yin su da shi, tungistan, ya yi tsada. Kasar Sin ce ke haƙo kusan kashi 80 cikin ɗari na tungistan ɗin duniya, kuma a Fabrairun 2025 ta tsaurara fitar da shi.

Shi ya sa masana'antu suka koma shafa wa allurar lu'u-lu'u, wato daiman. Ba na haƙa ba fa. Ana zuba iskar metan kaɗan cikin haidurojin, a ratsa ta kan zaren ƙarfe mai zafin kusan digiri 2000, sai kabon ɗin da ke ciki ya sauka kan allurar ya zama daiman, siriri fiye da gashin kai. Sai dai akwai wani ƙarfe, kobal, da ke riƙe da ƙwayoyin tungistan, shi kuma hana daiman kamawa yake yi, dole a fara wanke shi daga saman allurar da asid. An wanke da yawa allura ta karye, an yi kaɗan shafen ya ɓare. A nan kuɗin yake, wajen sanin gwargwado.

Ba zan ce wannan zai sauya farashin waya a Jugu gobe ba. Abin da ya dame ni daban ne. Ruwanda na haƙo tungistan, amma mafi yawansa ɗanye yake fita. Mu ma a Benin gwamnati ta hana fitar da ɗanyen kashu da waken suya tun Afrilun 2024, domin a sarrafa su a gida, musamman a masana'antun Glo-Djigbé. Manoman Donga da Borgu sun ji a jikinsu, kuma suna da hujjar kokawa kan farashi. Manufar dai ba ta da laifi, amma fasa kashu da inji matakin farko ne, injin ma da haƙoransa daga waje ake sayo su.

Metan da kabon da asid ɗin da na lissafa duk suna cikin darasin kimiyya na 'yan sakandare. Yaranmu na haddace su don jarrabawar BEPC da BAC, da yawansu ba su taɓa riƙe kwalbar gwaji ba, 'ya'yan Zango kuwa wasu kafin su kai nan an janye su zuwa shago. Idan hukuma na son ribar hanin da ta yi ta iso arewa, ta ware wani abu daga kuɗin kashun nan ta sa kayan gwaji a makarantun Jugu, ta kuma horar da malaman da za su buɗe su.